Yatsan da Na'ura Ta Ƙi Karɓa

Sau huɗu Auta tana ɗora babban yatsanta a kan ɗan gilashin, sau huɗu na'urar tana kawo jar wuta.

Ranar jarrabawar shiga jami'a ce. Ɗalibai sun fi ɗari biyu a barandar cibiyar kwamfuta ta jami'ar garin, an karɓe wayoyi da agoguna tun daga bakin ƙofa, an lalube kowa har cikin takalmi. Ba mai shiga ɗakin sai zanen yatsansa ya zo daidai da wanda ya dangwala ranar rajista. Layin da ke bayan Auta ya fara guna-guni.

Mai Rajista, wata doguwar budurwa mai gilashi, ta dubi hoton da ke kwamfutarta, ta ɗago ta ƙare wa Auta kallo.

"Anya ke ce a hoton nan?"

"Wallahi ni ce."

"Kowa haka yake cewa. Koma gefe, kin tare wa mutane hanya."

Auta ta koma jikin bango. Wannan ne zuwanta na biyu. Bara maki tara ne ya raba ta da karatun haɗa magunguna da take mafarki, tun daga nan kuwa ba ta yi kwana ɗaya ba littafi a gefen teburin guga ba. Ga shi tun ba ta ga tambaya ko ɗaya ba ana yi mata kallon ɓarauniya.

"Buɗe hannunki in gani."

Ta ɗago. Wani siririn saurayi ne, da katin aiki rataye a wuya. Injiniya ake kiransa a cibiyar, ko da yake shi da bakinsa yana cewa gyaran kwamfuta kawai ya iya. Fuskarsa a ɗaure take tamau.

Ta buɗe tafin hannunta. Fatar yatsun ta saɓule ta yi sumul, ba alamar zane.

"Me kika shafa?"

"Ban shafa komai ba."

"Akwai masu goge yatsa da gangan idan sun zo rubuta wa wani. Na ga irinsu da yawa."

Ranta ya ɓaci har ta manta da tsoro. "To ni wanki ne ya goge nawa. Shagon wanki da guga gare mu, bayan tashar mota. Injinmu ya lalace wata biyu ke nan, da hannu muke yi, ga sabulu ga bilic. In ba ka yarda ba ka sansana."

Saura kaɗan dariya ta ƙwace masa, ya danne. Ya sa ta goga yatsan a goshinta ko zai ɗan yi maiƙo, ta sake gwadawa, na'urar ta sake ƙi. Sai ya ɗauko wata takarda ya shiga jero mata tambayoyi kamar ɗan sanda: makarantar da ta yi, shekarar da ta gama, lambar wayar da ta bayar ranar rajista. Ya ɗauki hotonta, ya kai wa shugaban cibiyar, ya dawo ya sa hannu.

"Kujera ta arba'in da bakwai. Minti goma sha biyu sun tafi, ki yi sauri."

Sau uku tana jin tsayuwarsa a bayanta tana tsaka da amsa tambayoyi. Ta ce a ranta, mutumin nan jira yake ya kama ni. A karon farko ba ta yi kuskure ba. Karo na biyu da na uku kuwa, shi kansa da za a rutsa shi ba zai iya faɗin abin da ya kai shi wajen ba.

*

Bayan kwana goma sai ga Injiniya a shagon wanki da leda cike da riguna.

Baba, mahaifin Auta, shi ne a kan kantar shagon. Shekara talatin ya yi yana wanke kayan jama'a, kuma babban abin da sana'ar ta koya masa shi ne kada ya jiƙa riga sai ya juye aljihunta. Ya tsinci reza, ya tsinci biro mai yoyo, ya tsinci wasiƙun da masu su ba sa so matar gida ta gani. Tun daga nan bai ƙara yarda da mutum a kallon farko ba.

Ya ɗaga riga ɗaya ya duba wuyanta, ya sansana, ya ɗaga ta biyu.

"Samari, waɗannan ai wankakku ne."

"A'a, Baba, ƙura ce a ciki, ba ta cika nunawa ba."

"Har da karin guga?"

Injiniya ya yi tsuru-tsuru, yana satar kallon labulen da ke bayan kanta, inda ake jiyo hucin dutsen guga. Ya karɓi rasit ya fita har yana tuntuɓe a bakin ƙofa.

Bawan Allah ya yi dabarar da yake ganin ba a taɓa yin irinta ba. Ya ninke 'yar takarda ya sa a aljihun farar rigarsa, a tunaninsa mai guga ce za ta gani. Bai san wanda yake fara taɓa aljihu a shagon nan ba.

Baba ya sa gilashi, ya yaye labule. Auta na riƙe da dutsen guga, Mama na ninke zannuwan gado ita da Yaya, yayar Auta, wadda ke aji uku a jami'ar. Kamarsu ɗaya da Auta, har kwastomomi kan gaishe da wannan da sunan waccan. Baba ya gyara murya ya karanta da ƙarfi:

"Zuwa ga Arba'in da Bakwai. Ki yi haƙuri da tambayoyin ranar nan, aiki ne. Ya hannun? Ga lambata idan kin yafe."

Yaya ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta faɗa wa Baba komai, ya saurara har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Mutumin da ya fara shigowa shagona da ƙarya, me zai biyo baya? Kuma don me ya taimake ki tun farko? Ba a taimako haka kawai a irin wuraren nan. Kada in ji, kada in gani."

Ya jefa takardar cikin gwangwanin da ake tara tsintuwar aljihu. Sai dai dokar shagon, wadda Baba da kansa ya kafa, ita ce duk abin da aka tsinta a mayar wa mai shi cikin ledarsa, kuma aikin Auta ne mayarwar. Ta mayar kuwa, ba ta ci amana ba. Lambar ce kawai ta zauna mata a ka, kun dai san kan mai son lissafi.

Kwana uku ta yi tana kokawa da zuciyarta kafin ta rubuta:

"Hannu da sauƙi. Ban yafe ba tukuna. 'Yan mata nawa ka kai wa wankakkun kaya bana?"

Amsa ta shigo kafin ta ajiye wayar.

"Ke kaɗai, Arba'in da Bakwai. Da na san Baba ne mai binciken aljihu da na yi shiri. Ya fi masu gadinmu iya aiki."

"Ka gamu da daidai da kai, Ɗan Sanda."

Haka aka fara. Da safe ya tambaye ta yadda ta tashi, da rana ta ba shi labarin kwastoman da ya rantse rigarsa ba haka launinta yake ba. Wata rana ya sayi safar hannu ta roba da man shafawa, Yaya ta biya ta cibiyar bayan lacca ta karɓo mata. Auta ta daɗe tana juya kwalbar man tana murmushi. Tana son sa, ta san haka, amma ba ta saki jiki ba. Duk lokacin da ya rubuta "Ina kewarki," sai ta amsa da "Kawo shaida."

*

Ranar da sakamako ya fito, kowa ya ga makinsa, ita kuwa layi ɗaya ta gani a wayarta: an riƙe sakamakonki, ki zo cibiya ki karɓi takarda.

Ta kira Injiniya sau bakwai bai ɗaga ba. Can sai ga saƙo:

"An hana ni magana da ke har sai kwamitin bincike ya zauna. Ki yi haƙuri. Kada ki ajiye littattafanki."

Ta ɗauki mayafi ta nufi jami'ar.

Mai Rajista ce ta miƙo mata takardar da yatsa biyu. Ana zargin wata ce ta rubuta mata jarrabawar. Idan zargin ya tabbata za a soke sakamakon, kuma shekara uku ba za ta sake zama ba.

"Kin san wanda ya kai rahotonki?" in ji Mai Rajista cikin sanyin murya. Ta juyo mata da wani fayil, ta ɗora farce a ƙasan shafin. Sa hannun Injiniya ne, da kwanan watan ranar jarrabawar. "Shekara biyu muna aiki tare, na san halinsa. Ba ya bari komai ya taɓa masa aiki. Ke dai ki yi ta kanki, ƙanwata."

Abin da ba ta faɗa ba shi ne, ita ce ta ga Yaya ranar da ta zo karɓar safar hannu, ta bi diddigi ta gano ɗalibar aji uku ce, ta kai wa kwamiti. Ba zan ce ƙarya ta yi musu ba, abin da idonta ya gani ta faɗa. Sai dai shekara biyun nan da take kawo wa Injiniya shayi kan teburinsa bai taɓa ɗagowa ya dube ta da kyau ba, sun ƙara wa idon nata kaifi.

Auta ta tsaya a ƙarƙashin bishiyar da ke gaban cibiyar tana rubutu hawaye na ɗiga a kan wayar:

"Na ga sa hannunka. Ashe tun ranar ka rubuta ni, sannan ka zo kana tambayata ya hannu. Baba ya yi gaskiya. Kada ka sake nemana."

Ta ga alamar ya karanta. Bai ce uffan ba.

Sati biyu aka ba su kafin zaman kwamitin. Baba bai ce "ai na faɗa miki" ba, amma yadda yake buga riguna a kan kantar shago ya isa magana. Auta ta daina cin abincin kirki. Littattafan kuwa ba ta ajiye su ba, ba don ya ce ba, sai don in ta rufe su fuskarsa take gani.

*

Mutum uku ne a kwamitin, shugabarsu wata farfesa mai furfura wadda ba ta ɗaga murya. Baba ya zauna kusa da Auta. Injiniya na can ƙarshen tebur, ya rame, bai yarda sun haɗa ido ba.

Farfesa ta jero abin da ke gabansu. Na'ura ba ta karɓi yatsa ba. Makin bana ya fi na bara da tamanin. Akwai 'yar'uwa mai kama da ita a aji uku. Kuma an ga 'yar'uwar tana karɓar kaya daga hannun jami'in da ya buɗe ƙofa.

Ta juya wajen Baba. "Malam, ranar jarrabawar, ka ga wacce ta fita daga gida a cikin 'ya'yanka biyu?"

Baba ya gyara zama. Ya dubi Auta, ya dubi hannunta, ya sunkuyar da kai.

"Ina shago tun da sassafe. Ban gani da idona ba. Ba zan iya rantsuwa ba."

Duk abin da aka faɗa a ɗakin nan ba wanda ya soki Auta kamar wannan.

Farfesa ta ɗauko wata takarda. "Rahoton farko doka ce, duk wanda aka shigar ba tare da yatsa ba dole a rubuta shi a ranar. Wannan kuwa bayani ne da jami'in ya kawo da kansa, ba wanda ya tambaye shi." Ta karanta:

"Ban san ɗalibar ba kafin ranar jarrabawa. Bayan kwana goma na je shagon mahaifinta da wankakkun kaya don in gan ta, wannan ƙarya ce na yi masa, kuma kuskure ne tunda sakamako bai fito ba. Ina son ta, aurenta nake nufi idan iyayenta sun yarda. Na faɗi haka ne don kada ku ji a bakin wani. Saboda haka kada ku karɓi shaidata a kanta. Ga wayata ku duba duk saƙonninmu. Roƙona ɗaya ne, a sake ba ta jarrabawa a gabanku, ba tare da ina wajen ba. Idan ta faɗi ku kore ni."

Ɗaya daga cikin malaman ya yi tari don ya ɓoye murmushi. Auta ta ɗago ta dubi Injiniya karo na farko, kunya da nadama suka rufe ta.

"Kin shirya ki rubuta yanzu?" in ji Farfesa.

Ta share fuskarta da gefen mayafi. "Na shirya."

Aka shigar da ita ɗakin da ke kusa, sababbin tambayoyi, Farfesa na zaune a gabanta. Baba da Injiniya suka rage a baranda, benci ɗaya, kowa a ƙarshensa. Sai da aka yi kusan awa guda Baba ya yi magana, yana kallon bango.

"Idan ta faɗi fa?"

"Ba za ta faɗi ba, Baba."

"Ka gani da idonka?"

"Na tsaya a bayanta ranar. Tana yin lissafi a takarda kafin ta taɓa kwamfuta, ko sau ɗaya ba ta waiga ba. Mai rubuta wa wani ba ya iya zama bai waiga ba."

Baba ya juyo ya ƙare masa kallo. Can ya ce, "Wuyan rigar nan taka bai gogu ba. Waye yake maka guga?"

"Ni ne, Baba."

"Ai ga alama nan."

Da yamma Farfesa ta fito da takarda a hannu, Auta na biye da ita. Makin ya zarce wanda aka riƙe da shida.

"An cinye mata minti goma sha biyu wancan karon," in ji Farfesa. "Za a saki sakamakonta gobe. Kai kuma, shekara guda ba za ka shiga aikin jarrabawa ba."

"Na gode, ranki ya daɗe," in ji Injiniya, da fara'ar wanda aka yi wa ƙarin girma.

A bakin matakala Auta ta tsaya, Baba ya yi gaba kaɗan yana duba wayar da ba wanda ya kira shi.

"Na zage ka a saƙo," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Na karanta sau ashirin. Ko zagin naki daɗi gare shi."

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Da na amsa ko kalma ɗaya, da sun ce mun haɗa baki. Na gwammace ki tsane ni sati biyu da ki rasa shekara uku."

Ya ɗan sunkuyo.

"Har yanzu kina neman shaida, masoyiya?"

"Ta isa, Ɗan Sanda," ta ce tana dariya tana kuka. "Na yafe. Kai ma ka yafe min."

*

Baba bai sauko da wuri ba, ai da ba shi ba ne. Sai da ya aika aka bincika unguwar su Injiniya, da wajen aikinsa, har da mai shagon da yake sayen katin waya. Sannan ya kafa sharaɗi: ba aure sai Auta ta gama shekarar farko, kuma karatu ba zai tsaya ba ko na kwana ɗaya. Injiniya ya amince tun kafin a rufe baki.

Aka ɗaura aure a hutun ƙarshen shekara. Gida ya cika, Yaya na ta kai da komo, baƙi biyu har sun yi mata barka da zatonsu ita ce amaryar.

Da za a tafi da amarya, Baba ya sa aka kira masa Auta ɗakinsa. Ta durƙusa a gabansa, Mama na gefe. Ya dube ta ya ce:

"Auta, ranar nan a gaban kwamiti, gaskiya na faɗa, ban gani da idona ba. Amma akwai abin da na sani ban faɗa ba. Shekara ashirin kina gabana ba ki taɓa yi min ƙarya ba. Shi ya kamata in ce, sai na bar bare ya tsaya miki. Ki yafe wa babanki."

Ta kifa kanta a gwiwarsa ta fashe da kuka. "Baba, ban taɓa riƙe ka ba."

"Kin riƙe mana, na gani a idonki, kuma kina da gaskiya." Ya dafa kanta. Ya ɗaga ido ya ga Injiniya tsaye a bakin ƙofa ya rasa inda zai sa kansa. "Shigo, ɗana. Ga ta nan. Na yarda da kai, kuma ka san ba na faɗin haka da sauƙi."

Ya haɗa hannuwansu cikin nasa.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya raba ku da zargin juna. Allah ya sa in ga ranar da za ki gama karatun nan, Auta."

"Amin, Baba," suka ce tare.

Mama ta ce amin tana share hawaye, sannan ta tashe su, don masu mota sun gaji da jira.